Kwanan 29 ga Fabrairu: wa ya ƙirƙiro shi, kuma wa ke cin ribarsa?

Auwal Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, amma kada a yi mini dariya. Albashina na Fabrairu iri ɗaya ne, ko watan ya yi kwana 28 ko ya yi 29. Ke nan duk shekara huɗu akwai yini guda da nake yi wa masu kamfani aiki kyauta. Na duba, 29 ga Fabrairun 2028 ranar Talata za ta kama, ranar aiki ce sosai. Wa ya ƙirƙiro wannan kwanan, kuma me ya sa aka maƙala shi a Fabrairu?

Zainab Kaduna: Wa alaikumus salam. Yaya Auwal, a Fabrairu mai kwana 28 ana biyanka daidai da Janairu mai 31, ban taɓa jin ka mayar musu da canji ba.

Auwal Fagge: Ƙanwata, wancan daban. A takardar ɗaukar aiki kuɗin shekara aka rubuta, aka raba shi gida 12. In shekarar ta zama kwana 366 kuɗin bai motsa ba, ai wani ya ci riba.

Malam Habu Zariya: Wa alaikumus salam. Auwal, kwanan nan ba daga sama ya faɗo ba. Duniya ba ta gama zagaye rana a kwana 365 cif, sai ta ƙara awa 5 da minti 48 da sakan kamar 45. Kalanda kuwa ba ta san guntun yini ba, sai cikakke. Shi ya sa ake jefa wannan guntun a asusu kowace shekara, in an shekara huɗu ya kusa awa 24, sai a fasa asusun a fito da yini guda. Da za a ƙyale shi, cikin shekara 100 kalanda za ta kauce wa yanayi da wajen kwana 24, cikin shekara 750 kuwa sai a riƙa marka a Fabrairu, hazo a Agusta.

Batun Fabrairu kuma gadon Rumawa ne. Tsohuwar shekararsu daga Maris take farawa, Fabrairu ne wutsiya, don haka duk wani gyara a can ake yin sa. Shekarar tasu kwana 355 ce, sai lokaci-lokaci a cusa ƙarin wata guda a ƙarshen Fabrairu don a kamo rana. Masu ikon cusa watan su ne manyan malaman addininsu, waɗanda kuma 'yan siyasa ne. In nasu ne a kan mulki su tsawaita shekara, in abokin hamayya ne su yi shiru. Ga yaƙe-yaƙen basasa da suka sa aka yi shekaru ba a gyara ba, har kalanda ta yi gaba da kusan wata uku. Julius Kaisar ne ya tsayar da wasan, da shawarar wani masanin taurari na Iskandariyya mai suna Sosigenes. Shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sai da aka ja ta ta kai kwana 445, daga nan aka kafa doka: kwana 365, a shekara ta huɗu a ƙara ɗaya.

Hajiya Maman Safiya: Kwana 445! Malam, mai haya a gidana da ya samu irin wannan shekara ai sai ya yi walima.

Malam Habu Zariya: Hajiya, ko bayan dokar ma sai da suka tafka shirme. Da aka kashe Kaisar, malaman nan suka riƙa ƙara kwanan duk shekara uku maimakon huɗu, saboda yadda suke ƙidaya suna haɗawa da shekarar da aka fara. An yi sama da shekara 30 a haka kafin Sarki Augustus, magajin Kaisar, ya dakatar da ƙarin na wani lokaci har lissafi ya dawo daidai.

Nura Direba: Shi ne dai wanda ya sace kwana ɗaya daga Fabrairu ya ƙara wa Agusta don kada watansa ya gaza na Kaisar, ko? Haka aka koya mana a makaranta.

Malam Habu Zariya: Haka ake faɗa, amma labarin bai tabbata ba. Sai ƙarni na 13 ya ɓulla a rubuce, kuma akwai tsofaffin kalandun Rumawa da ke nuna watan yana da kwana 31, Fabrairu 28, tun kafin a sa wa watan sunan Augustus.

Sadiƙu Gombe: To kun ji. Ƙari, ragi, son zuciya. Wannan shi ne nasi'u da Allah ya ce ƙari ne a cikin kafirci a Suratut Tauba. Mu kalandarmu ta Musulunci ba ta buƙatar faci. Wata 12 ne tun ranar da aka halicci sammai da ƙasa, babu mai ƙara kwana, babu mai ragewa. Ni ban ma ga amfanin ɓata lokaci a kan ta Nasara ba.

Malam Liman Gusau: Ɗana Sadiƙu, a yi a hankali da ɗora aya a inda ba a ɗora ta ba. Nasi'un da aya ta 37 ta Tauba ta yi magana a kai wasa ne da watanni masu alfarma. Larabawan jahiliyya in suna son yaƙi a Muharram, sai wani mutum daga ƙabilar Kinana ya miƙe a lokacin aikin hajji ya shelanta cewa bana an halatta Muharram, an mayar da alfarmarsa kan Safar. Wasu malamai kuma sun ce har ƙarin wata suke yi don hajji ya riƙa faɗowa a lokacin kasuwa. Ko wanne ne, laifin shi ne halatta abin da Allah ya haramta. Mutumin da ya ƙirga zagayen rana don ya san lokacin shuka bai taɓa watan hajji ba. Mu kanmu da rana muke sanin lokacin salla.

Sannan maganar cewa ba mu da ƙari, a nan ma sai an gyara. Wata yana cika zagayensa a kwana 29 da awa 12 da minti 44. Ka ninka sau 12, ka samu kwana 354 da awa 8 da minti 48. Wannan guntun ba ya ɓacewa don mu Musulmi ne. Malaman hisabi suna da shekara basiɗa mai kwana 354 da kabisa mai 355. A kowane zagaye na shekara 30, guda 11 kabisa ne, sai Zulhajji ya cika 30 maimakon 29. A jerin da ya fi shahara su ne ta 2, 5, 7, 10, 13, 16, 18, 21, 24, 26 da 29.

Sadiƙu Gombe: Allah gafarta Malam, wannan ai na masu buga kalanda ne. Shari'a da gani take aiki. A ga wata a ɗauki azumi, a ga wata a sauke, in an yi hadari a cika 30.

Malam Liman Gusau: Gaskiyarka a nan, ibada da gani take. Amma ka lura, mai duban wata ma yana samun shekara mai kwana 355, sai dai bai san ta zo ba. Watanni bakwai su cika 30 a maimakon shida, shi ke nan kabisa ta shiga. Bambancin shi ne jinjirin wata ne ke yi mana gyaran kowane wata, ba wani sarki ba.

Isufu Damagaram: Malam, a gafarce ni, amma hannun hukuma bai fita ba. A wajenku sai Sarkin Musulmi ya sanar, a wajenmu Majalisar Addinin Musulunci ce a Yamai. An sha yin shekarar da mutanen Maraɗi ke salla, 'yan'uwansu a Katsina na azumi, ga tazarar ba ta kai tafiyar rabin yini ba. Samaniya ɗaya, wata ɗaya, sanarwa biyu. Kowace kalanda akwai inda take biya. Ta Bature ta sayi sanin gobe, amma wataninta ba ruwansu da watan da ke sama. Tamu ta riƙe watan sama, amma ba ka iya cewa ga ranar salla sai a daren.

Bulus Wusasa: Barkanku da hira. Bari in sa baki, don kashi na biyu na labarin daga coci ya fito. Lissafin Kaisar ya ɗauki shekara a kan kwana 365 da awa 6, alhali ta gaza haka da minti 11 da 'yan sakan. Abin kamar ba komai, amma duk shekara 128 yana tara yini guda. Mu kuma bikin Ista an ɗaure shi da ranar da dare da rana ke daidaita, wadda a zamanin taron manyan coci na Nikiya na shekarar 325 take faɗowa wajen 21 ga Maris. Zuwa ƙarni na 16 ta zame ta koma 11 ga Maris. Shi ne Paparoma Gregory na 13 ya karɓi tsarin da wani likita, Aloysius Lilius, ya zana, masanin lissafi Christopher Clavius ya tsaya masa. A 1582 mutanen Rum da Sifaniya da Fotugal suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. An cire kwana 10 daga lambobi, amma ba a taɓa jerin ranakun mako ba.

Don kada a sake komawa gidan jiya, aka ce shekarar da ta cika ƙarni ba za ta samu 29 ga Fabrairu ba sai in 400 ta raba ta ba saura. Shi ya sa 1700 da 1800 da 1900 ba su samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Auwal Fagge: Tsaya, Baba Bulus. Ke nan ba kowace shekara huɗu ba ce?

Bulus Wusasa: A'a ɗana. Daga 2096 sai 2104. Guda 97 ne a cikin shekara 400, ba 100 ba. Tsohon Firaministan Indiya Morarji Desai an haife shi 29 ga Fabrairun 1896, bai sake ganin ranar haihuwarsa a kalanda ba sai 1904, yana ɗan shekara takwas.

Zainab Kaduna: Wannan dokar ta 1900 har yau tana cizon masu kwamfuta. Ku buɗe Excel ku rubuta 29 ga Fabrairun 1900, zai karɓa, alhali ranar ba ta taɓa wanzuwa ba. Kuskuren daga wata tsohuwar manhaja ce, Lotus 1-2-3, Microsoft suka kwafe shi da gangan don takardun mutane su dace, yanzu kuma gyara shi zai rikita lissafin da aka riga aka tara. A 29 ga Fabrairun 2024 ma famfunan sayar da mai masu karɓar kati sun tsaya a New Zealand saboda manhajar biyan kuɗin ba ta san da ranar ba. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar albashi ko ta fansho ya san ba abin da ke ba da ciwon kai kamar kwanan wata.

Wani abin sha'awa kuma: shekara 400 na wannan tsarin kwana 146,097 ne, wanda ya kama mako 20,871 cif ba ragowa. Kalandar 2000 ita ce za ta dawo sak a 2400.

Sadiƙu Gombe: To tunda Paparoma ya gyara, sai kowa ya bi?

Malam Habu Zariya: Ina! Nan ne ma rikicin ya yi daɗi. Ƙasashen Furotesta suka ce gara su saɓa da rana da su bi umarnin Paparoma. Ingila ta yi shekara 170 tana jan ƙafa, sai 1752 ta sallama, lokacin giɓin ya kai kwana 11: Laraba 2 ga Satumba, washegari Alhamis 14. A da kuma sabuwar shekararsu 25 ga Maris take, a gyaran nan aka mayar da ita 1 ga Janairu. Shi ya sa George Washington, wanda aka rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairun 1731, ya koma 22 ga Fabrairun 1732. Rana da shekara duk suka canza.

Auwal, ga inda tambayarka ta samu 'yar'uwa. Baitulmalin Ingila bai yarda ya yi asarar harajin kwana 11 ba. Aka matsar da ƙarshen shekarar haraji gaba, har yau kuma shekarar harajinsu 6 ga Afrilu take farawa, gadon wancan sauyi.

Amma wanda ya fi kowa ban dariya Suwidin ce. Suka ce su ba za su yanke kwanakin a lokaci guda ba, za su daina yin 29 ga Fabrairu daga 1700 har shekara 40, a hankali su iso. Suka tsallake na 1700, yaƙi ya ɗauke musu hankali, suka yi na 1704 da na 1708. Sai ga su ba sa tare da tsohon lissafi, ba sa tare da sabo. Sarkinsu ya ce a koma tsohon, aka ƙara kwana biyu a Fabrairun 1712. Ranar 30 ga Fabrairu ta taɓa wanzuwa a duniya, sau ɗaya, a can. Sai 1753 suka yi abin da suka guda tun farko.

Isufu Damagaram: Faransawa ma sun gwada tasu bayan juyin juya hali. A 1793 suka kawo wata 12 masu kwana 30, mako mai kwana 10, hutu sau ɗaya a kwana goma. Ma'aikaci da ya saba hutawa kowace Lahadi ka ce masa sai bayan kwana tara, ai ka san ba za ta yi ƙarko ba. Napoleon ya soke ta daga farkon 1806.

Bulus Wusasa: Rasha sai 1918, daga 31 ga Janairu aka tsallaka 14 ga Fabrairu. Shi ya sa juyin da suke kira na Oktoba a 7 ga Nuwamba ake tunawa da shi. Cocinsu kuwa har yau yana kan lissafin Kaisar, Kirsimetinsu na kamawa 7 ga Janairu a tamu kalandar. Girka ta bi a 1923.

Nura Direba: Ni abin da na gani da idona a Habasha ya fi wannan. Wata 13 gare su. Sha biyu masu kwana 30, sai ɗan ƙaramin wata a ƙarshe da suke kira Pagume, kwana 5, a shekarar ƙari kwana 6. Sabuwar shekararsu 11 ga Satumba, wani lokaci 12. Kuma suna bayanmu da shekara bakwai zuwa takwas, sai a Satumban 2007 suka yi bikin shiga shekarar 2000. Agogonsu ma daga fitowar rana yake fara ƙirga, ƙarfe bakwai namu na safe shi ne ƙarfe ɗaya nasu. In za ka yi alkawari da mutum sai ka tambaya, agogon wa?

Malam Habu Zariya: Nasu tsarin daga Misira ya samo asali, ta hanyar Kibɗawa, Kiristocin Misira. Tun zamanin Fir'aunoni wata 12 ne masu kwana 30 da ƙarin kwana biyar. Ni a ganina ya fi namu tsari nesa ba kusa ba. Babu mai buƙatar ƙirga gaɓoɓin yatsu don ya san wane wata ne 30, wane ne 31.

Hajiya Maman Safiya: Ni ku dawo da ni kan kuɗi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da watan Musulunci yake karɓar hayar shagunansa, daga cika-ciki zuwa cika-ciki. Da muka gaji shagunan 'yan haya suka taru suka ce a koma Janairu. Na ɗauka don sauƙin lissafi ne kawai.

Malam Liman Gusau: Amin. Hajiya, 'yan hayarki sun iya hisabi. Shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Shekara 33 na Hijira kusan daidai suke da 32 na rana. Mai karɓar haya da Hijira yana samun hayar shekara guda cur a kan mai karɓa da Janairu a tsawon wannan lokaci. Dukansu halal ne in an yi sharaɗi a kai tun farko, amma a san abin da aka sa hannu a kai.

Wannan matsala ta daɗe tana damun daulolin Musulunci. Harajin gona sai an girbe ake karɓa, girbi kuwa rana yake bi. Albashin soja kuma da wata ake biya. Daular Usmaniyya ta Turkiyya duk bayan shekara 33 sai ta tarar da shekarar biyan albashi wadda ba ta da shekarar haraji a gabanta, dole a tsallake lamba ɗaya a littafin baitulmali, kuma irin waɗannan shekaru sukan zo da ƙarancin kuɗi. Kafin su, a zamanin Abbasiyawa, ranar buɗe haraji ta Nairuz ta zame har ana neman manoma su biya amfanin gona bai nuna ba. Halifa Mu'utadid ne ya mayar da ita watan Yuni a shekarar 895.

Zainab Kaduna: Ba sai an je nesa ba. A Oktoban 2016 Saudiyya ta mayar da biyan albashin ma'aikatan gwamnati daga watannin Hijira zuwa na Miladiyya, lokacin da farashin mai ya faɗi. Albashin wata bai canza ba, amma kowane ma'aikaci ya ƙara aikin kwana 11 a shekara. Yaya Auwal, kai kwana ɗaya a shekara huɗu kake kuka a kai.

Auwal Fagge: Wallahi na fara jin kunyar ƙarata. To Malam, zakka fa? Kamfaninmu a Disamba yake rufe littafi.

Malam Liman Gusau: Asalin hawlin zakka shekarar wata ce. Wanda ya ga ba makawa sai ya bi shekarar rana saboda littafin kasuwancinsa, malaman zamani da yawa sun ce ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari maimakon 2.5, don kwanakin nan 11 su shiga, kada haƙƙin talaka ya zube a tsakanin kalandu biyu. Zakkar hatsi kuwa ba ruwanta da wannan, ranar girbi ake fitar da ita.

Sadiƙu Gombe: Duk da haka ni ina nan a kan bakana. Zagayawar da watanninmu ke yi rahama ce. Da an ɗaure azumi da rana, da wasu ƙasashe kullum a tsananin zafi za su yi shi, wasu kullum a sanyi. Mu nan mun yi azumi a bazara, mun yi a damina, yanzu yana gangarowa cikin sanyi. A 2030 ma sau biyu zai zo, farkon Janairu da ƙarshen Disamba.

Malam Habu Zariya: A kan wannan babu mai ja da kai, Sadiƙu. An yi haka a 1997, kuma a 2006 babbar salla sau biyu ta zo, Janairu da Disamba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa lissafin rana na Nasara ne. Wanda ya fi na Paparoma daidai ma Musulmi ne suka yi shi, shekara 500 kafin nasa. A 1079 Sarki Malik Shah na Saljuƙawa ya tara masana, cikinsu har da Umar Khayyam, suka tsara kalandar Jalali. Ita ce kakar wadda Iran ke amfani da ita yau: ana ƙirga shekara daga Hijira, amma da rana, kuma sabuwar shekara na kamawa ranar da dare da rana suka daidaita a Maris. Yawanci kabisa takwas ce a shekara 33, wani lokaci sai an jira shekara biyar maimakon huɗu. Ta Gregory kuwa tana kaucewa da yini guda a cikin shekara 3,000 da wani abu.

Baba Tanko Funtuwa: Yaro ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. 'Ya'yana, duk kun yi ta zuwa Rum da Habasha, kun bar gida. Mu manoma da can ba Janairu muka sani ba, kuma ba da watan azumin tsofaffi ko watan bawa muke shuka ba, tunda yawo suke yi. Taurari muke tambaya wajen malamai. Ashirin da takwas ne, kowanne kwana 13, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. In aka ce Nasara ta shiga, ko Ɗarfa, ko Jabha, manomi ya san inda ruwa ya kai da abin da ya rage masa. Wanda ya yi shuka a makare malam zai gaya masa tauraro nawa suka saura, ya san ko gero zai kai ko sai dai wake.

Adamu Mai Wurno: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Sudan har gobe da su manoma ke aiki, sunayen ma kusan ɗaya: Natra, Ɗarfa, Jabha, Khirsan, Sarfa, Iwa, Simak. Amma 28 sau 13 ai 364 ne. Ina ɗayan?

Malam Liman Gusau: Jabha ake ba kwana 14, shi ne ya cika 365. Kuma malamanmu na hisabi ba su tsaya nan ba, suna da watannin da suke kira na ajami, waɗanda suka zo mana ta littattafan Magrib, da su ake ɗaure shigar taurarin. Waɗannan watanni lissafin Kaisar ne tsantsa, kabisa duk shekara huɗu ba togiya. Shi ya sa suke bayan kalandar bango da kwana 13.

Isufu Damagaram: Shi ne Yennayer, sabuwar shekarar Buzaye da sauran 'yan'uwansu Amazigh na Arewacin Afirka ke nan. Aljeriya ta mayar da 12 ga Janairu ranar hutu tun 2018, Maroko kuma 14 ga Janairu. Ashe kalandar da Paparoma ya ajiye tana nan a gonakin Musulmi.

Zainab Kaduna: Kuma giɓin zai ƙaru. Tsohon lissafi zai yi 29 ga Fabrairu a 2100, namu ba zai yi ba, sai tazarar ta koma kwana 14. Kirsimetin Rasha zai koma 8 ga Janairu daga 2101. Duk mai jadawalin taurari da ya gada a rubuce da watannin ajami sai ya sake daidaita shi da kalandar bango.

Sadiƙu Gombe: To Malam Liman, tunda hisabi ya kai a san haihuwar wata da minti, har a san kusufin shekara 50 masu zuwa, me zai hana a buga ranakun salla tun yanzu a huta da saɓanin da Isufu ya faɗa? Ba goyon baya nake ba, tambaya ce.

Isufu Damagaram: Turkiyya haka take yi, da lissafi take tsayar da ranakunta tun kafin shekara ta kama.

Malam Liman Gusau: Haihuwar wata daban, yiwuwar ganinsa daban, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a tsayar da azumi da hisabi. Abin da wasu malamai suka karɓa shi ne a yi amfani da hisabi wajen ƙin shaidar wanda ya ce ya ga wata a daren da watan ya riga rana faɗuwa. Wannan babi ne mai tsawo, akwai maganar saɓanin mafitar wata tsakanin ƙasashe, akwai maganar adadin shaidu. Sadiƙu, ka buɗe masa zaure daban bayan sallar isha'i, ka kira Malam Habu ya zo mana da lissafin awannin da jinjiri ke buƙata kafin ido ya iya kama shi.